Layukan da Kawu Ya Tsallake

"To kai wa ya aike ka?" in ji mahaifiyata, ƙafarta na kan keken ɗinki, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Karatu aka ɗauke ka ka yi wa mutum. Karatu. Ba a ce ka zama mai gadin zuciyarsa ba."

"Yaya, da layi uku fa abin ya fara."

"Layi uku. Yau kuma nawa ne?"

Kawu ya dubi kofin shayin da na ajiye masa, ya juya shi a kan tebur, bai sha ba. "Wuri ɗari huɗu da goma sha biyu," in ji shi.

Keken ya tsaya.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ne autan ɗakinsu. Shekarunsa hamsin da takwas, gemu ya yi fari, amma har yau Auta take kiransa. Mutanen unguwa kuwa Tabarau suke ce masa, domin shekara goma sha tara ke nan aikinsa ɗaya ne: karanta wa wani tsohon farfesan tarihi littattafai, tun da idon farfesan ya rufe. Ranar Litinin ce da rana, lokacin da bai saba zuwa gidanmu ba. Ni kuma ranar ba na zuwa aiki, sai na ja kujera bakin ƙofa na zauna.

A sakandare karatunsa ya tsaya, kamar nawa. Daga nan ya samu aiki a laburaren jami'a, mai mayar da littattafai kan kanta. Shekara goma sha huɗu ya yi yana tura wani amalanken ƙarfe mai ƙafa ɗaya da ke kuka, daga wannan layin kantoci zuwa wancan. Ya san inda kowane littafi yake kwana, amma ya ce bai taɓa buɗe ɗaya ya wuce shafin farko ba. Lamba ce kawai a gare shi, a manne a ƙeyar littafi.

A can ya haɗu da Farfesa, dogon mutum mai saurin faɗa, wanda ma'aikata ke sauya hanya idan sun hango shi. Da farko lambar littafi yake sa Kawu ya karanta masa. Sai sunan littafin. Wata rana sai ya ce, "Ɗan karanta mini sakin layin nan, na manta tabarauna a ofis." Kawu ya ce yana ganin tabarau ɗin a aljihun rigarsa, amma ya karanta masa. Da idon ya rufe gaba ɗaya Farfesa ya yi ritaya, ya aika aka kira shi gida.

Na taɓa shiga ɗakin sau ɗaya. Yana can bayan gidan: taga ɗaya, tebur, kujera biyu suna kallon juna, kantoci har rufi, da wata fanka da ke yin ƙas a kowane zagaye. Daga ƙarfe tara zuwa ɗaya suke zama, kullum ban da ranar hutu. Farfesa yana da dokokinsa. Komai za a karanta, har da ƙananan rubutun nan da malamai ke cusawa a ƙasan shafi. Idan Kawu zai sauka wurinsu sai ya ce "ƙasa", idan ya dawo ya ce "sama". In Farfesa ya ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya, a maimaita. In sau biyu ne, a ajiye littafi a ɗauki biro, zai yi magana a rubuta.

"Ya taɓa ce mini," in ji Kawu, "wai a ƙasan shafi malamai suke yanka juna. Sama gaisuwa ce kawai."

"Ai ka ga inda aka yanka shi kuwa," in ji mahaifiyata.

Sunan Farfesa a kan littafi ɗaya ya tsaya, wanda ya rubuta shekara talatin da biyar da suka wuce. An tono wasu tsofaffin kaburbura a bakin wani kogi, aka samu ƙananan duwatsun wuya na gilashi, shuɗɗa, dubbai. Farfesa ya ce al'umma ɗaya ce ta ƙera su, su ne kakannin mutanen da ke zaune a wurin yau, kuma daga hannunsu sana'ar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. An koyar da littafin a makarantu. Ni ma na tuna hoton duwatsun a littafinmu na aji uku, da malaminmu yana buga ƙirji yana cewa mu ba baƙi ba ne a duniya.

Sai sababbin littattafai suka fara zuwa. Kawu ne ke ɗauko su daga gidan waya, manya-manya, masu nauyi, a kan tarihin duniya, da yadda kaya da sana'a da waƙa suke tafiya daga hannu zuwa hannu, da yadda mutane suke gina labarin asalinsu. Waɗanda suka rubuta su suna da abin da Farfesa bai samu ba a zamaninsa: ɗakunan gwaje-gwaje da ake kai ɗan guntun gilashi a gane irin yashin da aka narka.

"Shekara goma sha bakwai ke nan, sati biyu da rasuwar matar Farfesa," in ji Kawu. "Ba ya cin abinci, ba ya magana. Ranar ce ta farko da ya ce in zo mu ci gaba. Ina cikin karatu na ce 'ƙasa', sai idona ya faɗa kan sunansa. Layi uku. Wai ra'ayin nan nasa yanzu ba wanda ke ɗaukarsa da muhimmanci. Na ɗago na dube shi, rigarsa ma a baibai ya sa ta, ba wanda ya gaya masa. Sai na ji bakina ya ce 'sama'."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Na ɗauki fensir na yi ɗigo a gefen shafin. Na ce idan ya warware zan dawo in karanta masa."

Bai dawo ba. Littafi na gaba rabin shafi ne. Na bayansa shafi biyu. Da abin ya yi yawa sai ya fara zuwa ƙarfe takwas maimakon tara, ya zauna a kan dakalin ƙofar gida ya riga karanta abin da za a yi ranar, ya ga inda ramin yake. Ya koyi yadda zai ɗauko ƙarshen wata jimla ya haɗa da farkon wata, shafi biyu a tsakaninsu, ba tare da murya ta yi tuntuɓe ba. Ya koyi juya takardu uku da ƙarar ɗaya.

"Ni ma tela ne, Yaya," ya ce, yana ɗan murmushi. "Ɗinkina ma ba a ganin zare."

"Tela? Ka ɗinka wa dattijo riga ba baya, ka ce ya shiga kasuwa. Kada ka ƙara haɗa kanka da ni."

Murmushin ya ɓace. Ya ce mafi muni shi ne littafin wata tsohuwar ɗalibar Farfesa, wadda yanzu ita ma babbar farfesa ce a wata ƙasa. Shekara shida da suka wuce ta aiko da littafinta, shafi ɗari bakwai. A shafin farko ta rubuta cewa ta sadaukar da shi ga malaminta, wanda ya koya mata kada ta yarda da kowa sai ta duba da kanta. Sau uku Farfesa ya ƙwanƙwasa tebur a maimaita masa wannan shafin. Babi na tara kuwa, shafi arba'in, a kan duwatsun nan ne, kuma cikin ladabi ta warware littafinsa zare-zare. Da suka kai wurin Kawu ya ce masa babin duk jadawali ne da lambobi, ba abin karantawa.

"Sai ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ya ce in rubuta mata wasiƙa. Wai ya gode da ta tsaya a kan abin da ya gina. Da hannun nan na rubuta, da ƙafar nan na kai gidan waya."

"Ta amsa?" in ji mahaifiyata.

"Kati ta aiko. Gaisuwa, da fatan ƙarin lafiya."

A nan ne na yi magana, karo na farko. Na ce, "Kawu, su ne da gaskiya?"

Ya juyo ya dube ni kamar bai san ina wurin ba. Sai ya gyara zama, ya ture kofin gefe, ya fara zana taswira da yatsa a kan tebur. Ya ce gilashin ba daga wuri ɗaya ya fito ba, daga wurare uku ne, biyu daga cikinsu a hayin teku. Ya ce mutanen kogin ba su ƙera shi ba, amma su suka sake narka shi, suka ba shi siffar da ba a samu a ko'ina ba, kuma a ganinsa wannan ya fi wancan labarin daɗi. Ya ce waɗanda ke cikin kaburburan ma ba jini ɗaya ba ne, wasu a wurin aka haife su, wasu daga nesa suka zo suka mutu a can. Ya ambaci malamai huɗu da suka yarda da haka, da ɗaya da ke jayayya, da inda mai jayayyar ya yi rauni. Kusan minti goma yana magana. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Sai ya tsaya, ya dubi yatsansa a kan tebur.

"Littafi ya fi ɗari shida na karanta a ɗakin nan, ɗana. Wasu sau biyu, ɗaya a dakali ɗaya a kujera. In na shiga jami'ar nan yau, mai gadi zai tambaye ni wa nake nema. Mutum ɗaya ne a duniya da zan iya yin hirar nan da shi, shi ne kuma wanda ba zan iya yi da shi ba."

Ya ce ba shi kaɗai ya sani ba. Abokan aikin Farfesa da tsofaffin ɗalibansa suna zuwa gaisuwa, a kawo musu shayi, su ce, "Ranka ya daɗe, ai littafinka har yau ba a tashe shi ba." Duk sun karanta sababbin. Wani ma yana faɗa yana kanne wa Kawu ido ta kan kofinsa.

"To yanzu me ya tayar da maganar?" in ji mahaifiyata. "Shekara goma sha bakwai kana yi ba ka zo nan ka hana ni ɗinki ba."

Abin da ya tayar da ita shi ne Farfesa ya gama sabon littafi. Shekara uku yana faɗa Kawu yana rubutawa, shafi ɗari uku, aka kai aka buga a kwamfuta. Faɗaɗa tsohon ne. A gabatarwarsa ya ce shekara talatin da biyar ke nan ba a samu wanda ya kawo hujja ɗaya da ta girgiza maganarsa ba. Littafin yana maɗaba'ar jami'a. A safiyar Litinin ɗin nan Kawu ya je can ya samu editan, yana fatan za a ba wasu malamai su duba kafin a buga, su su faɗa.

"Ya yi dariya. Ya ce, 'Haba Malam Tabarau, wa zai duba littafin Baba? Mutum mai shekara tamanin? Juma'a za mu sa shi a inji. Girmamawa ce.' Na ce kun karanta gabatarwar? Ya ce ya karanta. Ya ce ai ba wanda zai ɗauke shi da zafi."

Mahaifiyata ta sunkuya kan keken. Ta zare wani zare daga bakin allura, ta sake zura shi.

"Auta, ka yi shiru da bakinka," ta ce a hankali. "Shekara nawa suka rage masa? A buga, a kawo masa ya shafa bango, ya ji daɗi. Masu dariya su yi a inda ba ya ji."

"Ɗazu kika gama zagina a kan shirun."

"Na zage ka a kan farawa. Yanzu ka riga ka yi nisa. Kuma in ka faɗa, ina za ka? Laburare za ka koma ka tura amalanke da wannan gwiwar?"

"Yaya, shi zai tafi, littafin zai zauna. Duk yaron da ya buɗe shi zai ce ga tsohon da ya toshe kunnensa shekara talatin. Bai toshe ba. Ni na toshe masa."

Ya tashi bai sha shayin ba. Mahaifiyata ta bi shi da kallo har ya fita, sannan ta ce mini, "Tun yana ƙarami haka yake. In ya fasa kwano sai ya ɓoye, in an manta sai ya kawo da kansa."

Ranar Alhamis, bayan ƙarfe biyu, na dawo cin abinci na same shi a kujerar nan. Muryarsa ta dushe, da ƙyar take fita. Mahaifiyata ta sa masa ruwan ɗumi da zuma, wannan karon kuwa yana sha.

Ya ce ranar Talata ya shiga ɗakin ƙarfe tara, Farfesa ya ce, "Abokina, ina muka tsaya?" Haka yake kiransa tun shekara ta biyu. Kawu bai zauna ba. A tsaye ya faɗa, daga layi ukun farko har zuwa wasiƙar da editan. Ya ce bai ɗauki minti biyar ba. Ya yi mamakin yadda shekara goma sha bakwai suka shiga cikin minti biyar.

"Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi. Fankar nan kawai ake ji. Can sai ya ce, 'Wuri nawa?' Na faɗa masa. Ya ce, 'Ƙirgawa kake yi?' Na ce ina yin ɗigo da fensir, ina kuma rubuta sunan littafi da shafi a wani ɗan littafi. Sai ya yi wata irin dariya. Ya ce, 'Ɗan laburare. Ko ha'inci sai da lamba.' Sannan ya ce, 'Ɗauko na farko.'"

Kwana uku ke nan suna yi. Kawu ya hau kujera ya sauko da littafi, ya nemi ɗigon, ya faɗi shekarar da aka buga, ya karanta abin da ya tsallake, ya mayar, ya ɗauko na gaba. Ba a tashi ƙarfe ɗaya kuma. Ranar farko sai da suka kai ƙarfe biyar, abincin da aka kawo ya huce a bakin ƙofa.

"A na talatin da wani abu, wani malami ne ya yi masa shafi biyu. Ina gamawa ya daki tebur sau biyu. Ya ce, 'Wannan kam ina da amsarsa. Ya rikita kabarin gabas da na yamma. Rubuta!' Na ɗauki biro. Ya fara, kamar da, muryar nan ta dawo. Ya yi layi biyar sai ya tsaya. Ya ce, 'Mutumin nan yana nan?' Na ce ya rasu, shekara takwas ke nan, ni na karanta maka sanarwar. Ya ce, 'Ajiye biron.'"

Mahaifiyata ta daina ɗinki gaba ɗaya, ta juyo da kujerarta.

Jiya Laraba Farfesa ya ce a bar bin layi, a ɗauko babi na tara na ɗalibarsa. Shafi arba'in ɗin ya ci yinin duka, domin kusan kowane sakin layi sai ya ƙwanƙwasa a maimaita. Wani wurin ya ce, "A'a, a'a." Da aka kai inda ta yi bayanin yadda mutanen kogin suka sake narka gilashin, ya sa aka karanta sau huɗu.

"Da na gama sai ya ce, 'Yarinyar nan ta yi aiki.' Ya faɗa sau biyu, har fuskarsa ta ɗan saki. Sai na ga ya tuna. Ya ce, 'Me na ce mata a wasiƙar?' Na ce ranka ya daɗe, a bar wannan. Ya ce, 'Za ka sake tsallakewa ne?' Sai na faɗa masa, kalma da kalma, don ban manta ba. Ya ɗora hannu biyu a fuska."

Kawu ya kurɓi ruwan, ya yi tari.

"Ya ce mini, 'Shekarata sittin da uku lokacin da ka fara. Ido na rasa, kaina lafiya lau. Da ka karanta mini da na yi fushi wata guda, na zagi kowa, sannan na zauna na yi aiki. Wataƙila da ni na rubuta babin nan, ko mu rubuta tare da ita. Ka dube ni ka yanke cewa na gama. Ka zaunar da ni a ɗaki shekara goma sha bakwai ina magana da kaina.'"

"Kai kuma ka ce me?" in ji mahaifiyata.

"Na ce tausayi ne. Ya ce tausayin da ake yi wa jariri. Sai na ji raina ya ɓaci, Yaya, wallahi ban san lokacin da na ce, to su manyan da ke zuwa shan shayi fa? Masu digiri uku-uku? Akwai wanda ya buɗe baki? Ya ce, 'Su baƙi ne, baƙo ƙarya ce aikinsa. Kai da idona na ba ka.'"

A waje wani mai gyaran takalmi ya wuce yana kaɗa akwatinsa.

'Yar Farfesa likita ce, ita ke kula da gidan. Kawu ya ce ta zo jiya da yamma, mahaifinta ya gaya mata. Tun tana makaranta take kiran Kawu da Baba, shi ya raka ta tasha ranar da za ta tafi karatun likita. Jiya ba ta kira shi komai ba. Ta fito da waya ta nuna wa mahaifinta yadda ake ɗaukar hoton shafi wayar ta karanta. Ta gwada a gabansu. Muryar mace ce, ba ta numfashi, ta kashe sunayen malamai uku a layi ɗaya.

"Ya saurara. Ya ce, 'Ba ta iya ba, amma ba ta da tausayi. A bar ta.' Sai ya juyo wajena ya ce in gama ɗigon da suka rage, in na gama in ajiye makullin ɗakin a kan tebur."

"Nawa suka rage?"

"Mun yi ɗari da talatin."

Mahaifiyata ta ƙirga a yatsu. "Kwana bakwai, takwas. To ka riƙa ja mana. Ka ce muryarka ta dushe, ai ta dushe ɗin. Ka yi goma a rana. Kafin wata guda zuciyarsa ta sauko."

"A'a, Yaya."

"Kai dai wawa ne. Da can da ya kamata ka yi gaskiya ka yi wayo, yanzu da ya kamata ka yi wayo ka tashi gaskiya."

"Na ji."

Ta juya ta koma kan keken, ta ɗora ƙafa, amma ba ta taka ba. Na ga tana goge ido da gefen yadin mutane.

Na tambaye shi ko Farfesa yana yi masa magana tsakanin karatun. Ya ce a'a. "Na gaba" kawai yake cewa. Amma yau da safe, a wani wuri da wani malami ya yi kuskuren shekara, Kawu bai san lokacin da ya ce, "Wannan ba daidai ba ne, littafin ɗalibarka ya nuna ƙarni biyu ne tsakani." Farfesa ya ɗago kai ya fuskanci inda muryar ta fito, ya daɗe a haka.

"Ya ce, 'Ashe kana fahimta.' Na ce ina ɗan tsinta. Ya ce, 'Wannan ya fi muni.' Sai ya ce, 'Na gaba.'"

Ya shanye sauran ruwan, ya laluba aljihun rigarsa ya fito da wata takarda a ninke. Ya buɗe ya nuna mini. Rubutunsa ne, layi huɗu, zuwa ga editan maɗaba'a: a dakatar da buga littafin, a ba mai ɗauke da wannan takarda duk abin da aka kai. A ƙasa ga sa hannun Farfesa, ya karkace ya hau kan layin ƙarshe.

"Shi ya faɗa?" na tambaya.

"Shi ya faɗa. Bai bari na riƙe masa hannu wajen sa hannun ba."

"Me zai yi da shi in ka kai masa?"

"Bai gaya mini ba. Ban tambaya ba." Ya ninke takardar ya mayar. "Shafi ɗari uku. Akwai wurare masu kyau a ciki, ɗana. Akwai babin da ya yi a kan yadda ake huda dutsen, ba wanda ya taɓa rubuta irinsa. Ban san ko zai yarda in gaya masa ba."

Ya dubi agogon bango. Uku saura kwata, maɗaba'ar kuma ƙarfe huɗu take rufewa. Ya dafa gwiwa ya miƙe. Mahaifiyata, ba tare da ta juyo ba, ta ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce sai ya dawo. Ta ce ba dawowa zai yi ba, ta san shi. Ya ce ta ara masa jaka mai ƙarfi, takardun suna da nauyi. Ta zazzage ƙyallayen da ke cikin wata jakar yadi a ƙasa ta miƙa masa.

"Ka dawo mini da ita."

"To, Yaya."

Na raka shi bakin ƙofa. Na ce in kai shi a babur, ya ce a'a, in koma wurin aikina kada in makara. Ya naɗe jakar ya saƙale a hammata, ya bi gefen titi ta ɓangaren inuwa, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, ya nufi inda motocin jami'a ke tsayawa.